Farashin gida da kuɗin ruwan banki: a saya yanzu ko a dakata?

A watan Satumba na 2024 Babban Bankin Amurka ya rage kuɗin ruwansa da rabin maki, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari, karo na farko cikin fiye da shekara huɗu. Mutane da yawa da suka daɗe suna tanadin sayen gida suka yi ajiyar zuciya, a zatonsu sauƙi ya iso. Sai ga shi kafin tsakiyar Janairu na 2025 ruwan da ake ɗora wa bashin gida na shekara 30 ya tashi daga wajen kashi 6 cikin ɗari zuwa kashi 7. Farashin gidajen ma bai sauko ba. Abin ya ɗaure wa jama'a kai, kuma ya sake tayar da tambayar da ke hana mai iyali barci a duk ƙasar da ake sayen gida da bashin banki: in jira ruwa ya sauka, ko in jira farashi ya karye, ko kuwa in rufe ido in saya yanzu?

Mutane sukan ɗauki farashi da kuɗin ruwa kamar abu biyu ne da kowanne ke cin gashin kansa. A gaskiya igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma inda suke haɗuwa shi ne abin da za ka riƙa zare wa daga albashinka duk ƙarshen wata.

Mene ne bashin gida?

Kaɗan ne ke iya zube kuɗin gida lakadan. Abin da aka saba shi ne mai saye ya kawo wani kaso daga aljihunsa, wato kafin alƙalami, sau da yawa kashi 10 ko 20 cikin ɗari na farashin, banki ya cika sauran. Gidan kansa shi ne jingina: in biya ya gagara, banki na da ikon ƙwacewa ya sayar. Ana biyan bashin wata-wata na tsawon shekara 15, 25 ko 30, kuma kowane biya kashi biyu ne a haɗe, akwai na uwar kuɗi, akwai na ruwa.

Ruwan kuma iri biyu ne. Akwai tsayayye, wanda aka ƙulla tun ranar sa hannu, ba ya motsi. Akwai mai hawa da sauka, wanda ke bin kasuwa. Wannan bambanci ya fi duk wani abu muhimmanci a wannan magana, domin ƙasa da ƙasa sun sha bamban. A Amurka yawancin masu gida ruwa tsayayye suke karɓa na shekara 30 cur. A Birtaniya galibi shekara 2 ko 5 ake tsayar da shi, daga nan a sake zama da banki a kan sabon farashi. A Kanada shekara 5 aka fi yi. A Sweden da Ostireliya kuwa mai hawa da sauka ya fi yawa. Saboda haka shawarar da ta dace da Ba'amurke tana iya jefa mutumin Landan cikin rami.

Abin da maki ɗaya ke yi wa aljihu

Bari mu ɗauki alƙalami. Ka sa kowane irin kuɗi a madadin dala, lissafin ba zai canza ba.

Mutum ya karɓi bashin dala 300,000 na shekara 30. Idan ruwan kashi 3 ne cikin ɗari, zai riƙa biyan kusan dala 1,265 a wata. Idan kashi 7 ne, biyan ya zama kusan dala 1,996. Gida ɗaya, bashi ɗaya, amma bambancin ya haura dala 700 kowane wata. Idan aka tara na shekara 30, na farko ruwan da zai biya bai wuce dala 155,000 da 'yan kai ba, na biyu kuwa zai biya sama da dala 418,000, wato fiye da uwar kuɗin da ya karɓa.

Mu juya lissafin ta ɗaya gefen, domin a nan ne mafi yawan mutane suke. Wanda ƙarfinsa bai wuce dala 1,265 a wata ba, lokacin da ruwa ke kashi 3 banki zai iya ba shi 300,000. Da ruwa ya kai kashi 7, abin da wannan biyan zai ɗauka wajen 190,000 ne kawai. Albashinsa bai ragu ba, bai yi almubazzaranci ba, amma fiye da sulusin ƙarfin sayensa ya tafi. Gidan da ya riƙa zagayawa yana dubawa bara, bana ya fi ƙarfinsa ko da mai shi bai ƙara ko kwabo ba.

Ga wani ma'auni mai sauƙin riƙewa. Bashin 300,000 a kan kashi 6 biyansa kusan 1,799 ne a wata. Bashin 270,000 a kan kashi 7 kusan 1,796 ne. Kenan ƙarin maki ɗaya a ruwa yana cinye rangwamen kashi 10 cikin ɗari a farashi. Wanda ya yi shekara guda yana jira har farashi ya sauko da kashi 10, idan a wannan shekarar ruwa ya hau maki ɗaya, biyansa na wata yana nan inda yake.

Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mai saye ba, sai ya gani da idonsa. A farkon shekaru kusan duk abin da yake biya ruwa ne. A wancan bashi na kashi 7, daga cikin dala 1,996 na watan farko, 1,750 ruwa ne, 246 kacal ke taɓa uwar kuɗi. Ka ƙaddara magidanci ya zauna da matarsa da daddare bayan yara sun yi barci, ya buɗe takardar banki ta cikar shekara biyar. Sun biya kusan dala 120,000 ba tare da sun tsallake wata ko ɗaya ba. Ya bi layin ƙasa da yatsa, ya ga har yanzu ana binsu 282,000 da ɗoriya. Ya sake lissafawa, yana zaton kuskure ne. Babu kuskure, haka tsarin yake: ana lissafa ruwa ne a kan abin da ya rage, kuma a farko abin da ya rage shi ne kusan duka.

Wa ke tsayar da kuɗin ruwa?

Da yawa sun ɗauka babban banki ne ke yanke ruwan bashin gida kai tsaye. Abin da babban banki ke tsayarwa ruwan gajeren lokaci ne, wanda bankuna ke ranta wa juna kuɗi a kai. Bashi mai hawa da sauka yana bin wannan kusan nan take. Amma bashin dogon zango yana bin wata kasuwa daban, ta takardun bashin gwamnati, musamman na shekara 10 a Amurka. Masu zuba jari a can gaba suke hange: yaya hauhawar farashi za ta kasance nan da shekaru, nawa gwamnati za ta ranta? Idan hankalinsu bai kwanta ba sai su nemi riba mai yawa, ruwan gida ya bi sahu. Abin da ya faru a ƙarshen 2024 kenan, babban banki na ragewa, kasuwa na ƙarawa.

Tushen tashin da aka gani a 'yan shekarun nan kuwa hauhawar farashin kaya ce bayan annobar korona. Don a kwantar da ita, Babban Bankin Amurka ya ɗaga ruwansa daga kusan sifili a Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yuli na 2023. Na Ingila ya tashi daga kashi 0.1 a Disamba na 2021 zuwa 5.25 a Agusta na 2023. A ƙididdigar Freddie Mac, wani babban kamfani mai harkar bashin gidaje, ruwan bashin gida na shekara 30 a Amurka ya sauka har kashi 2.65 a Janairu na 2021, sannan ya kai 7.79 a Oktoba na 2023.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani, domin mutane da yawa suna jiran dawowar kashi 3 kamar shi ne asali. Tun 1971 da aka fara wannan ƙididdiga, matsakaicin ruwan yana tsakanin kashi 7 da 8. A Oktoba na 1981 ma ya haura kashi 18. Arahar da aka gani a 2020 da 2021 ita ce baƙuwa, annoba ce ta kawo ta. Wanda ya jingine rayuwar iyalinsa har sai ta dawo, ina tsoron jiran gawon shanu yake yi.

Me ya sa farashi bai karye ba?

A ƙa'ida, idan ruwa ya hau masu saye su ragu, masu sayarwa su sassauta. A wasu wurare haka aka yi. A Sweden da New Zealand farashin gidaje ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin ɗari bayan tashin ruwan 2022, a Kanada ma ya ja baya sosai. Ƙasashe ne da ƙarin ruwa ke isa aljihun masu gida da wuri.

A Amurka labarin ya bambanta. Farashi ya riga ya tashi da wajen kashi 40 tsakanin farkon 2020 da tsakiyar 2022, ya ɗan ja da baya kaɗan, ya ci gaba da hawa. Dalilin yana hannun waɗanda suka riga suka mallaki gida. A 2023 fiye da rabin masu bashin gida a ƙasar ruwansu a ƙulle yake ƙasa da kashi 4. Mutum yana zaune a kan kashi 3, in ya sayar ya sayi wani sai ya karɓi kashi 7. Wa zai yi wannan musaya in ba dole ba? Sai kowa ya zauna daram, ko da gidan ya yi masa kaɗan, ko da aiki ya kira shi wani gari. Masu saye sun ragu, amma gidajen da ke kasuwa ma sun ragu. Sakamakon shi ne a 2023 gidajen da suka sauya hannu ba su wuce miliyan 4 da kaɗan ba, adadi mafi ƙanƙanta tun 1995, alhali farashi na sama. Ciniki ne ya mutu, farashi bai mutu ba.

Ƙari a kan haka, tsadar ruwa tana taɓa magina. Kamfanin gini ma da bashi yake sayen fili da kayan aiki, in ruwa ya yi tsada sai ya rage sababbin ayyuka. Maganin da aka sha don rage masu nema, shi ne kuma ke rage abin da ake nema.

Sai ɗaya fuskar da masu jira ba sa so su ji. Ranar da ruwa ya sauko sosai, ba kai kaɗai za ka ji labari ba. Duk waɗanda suka dakata tare da kai za su fito lokaci guda, a yi ta ƙara wa juna tayi a kan gida ɗaya. Abin da ka samu a ruwa yana iya tafiya a farashi.

Masu cewa a saya da masu cewa a dakata

Dillalan gidaje a Amurka suna da wata magana da suka yayata lokacin da ruwa ya hau, ma'anarta ita ce gidan ne kake aura, ruwa kuwa zance kawai kake zuwa wurinsa. Nufinsu ka saya yanzu, in ruwa ya sauko ka karɓi sabon bashi mai sauƙi ka biya tsohon. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Farashin da ka sallama a kai ya zauna har abada, ruwa kuwa ana iya sake ƙulla shi. Haka kuma mai ruwa tsayayye hauhawar farashi tana yi masa aiki: shekara goma gaba albashi ya ƙaru, haya ta ƙaru, biyansa yana nan yadda yake.

Sai dai a tuna mai faɗin maganar la'ada yake ci idan an yi ciniki. Sake ƙulla bashi yana da sharuɗɗa. Sai ruwan ya sauko tukuna, kuma babu mai iya ba ka rana. Sai kana da aiki a lokacin. Sai gidan bai faɗi ƙasa da bashin da ke kansa ba. Kuma shi kansa yana da kuɗin takardu da na tantance darajar gida. Waɗanda suka saya a 2022 da 2023 da tunanin nan da shekara ɗaya za su sauke nauyin, da yawansu sun shiga 2025 da shi a ka. A ganina, duk wanda biyan wata zai gagare shi in ba an rage ruwa nan gaba ba, gidan ya fi ƙarfinsa tun yau.

Masu cewa a dakata su ma suna da hujja. Maganar da ake yi cewa haya zubar da kuɗi ce ba ta cika ba, domin ruwan banki ma ba ya dawowa, haka harajin gida da inshora da gyara. Akan ƙiyasta gyare-gyare kaɗai suna cin wajen kashi 1 cikin ɗari na darajar gida a shekara. Rufi ya yi yoyo, ɗan haya waya zai ɗauka ya kira mai gida, mai gida kuwa aljihunsa zai shafa. Inda ruwa ya yi tsada, sau da yawa hayar gida ta fi biyan bashin irinsa sauƙi a wata, kuma wanda ya iya ajiye bambancin yana ƙara wa kafin alƙalaminsa kauri. Rauninsu shi ne jira ma ba kyauta ba ne. Idan farashi na tashi da sauri fiye da tanadinka, kullum kana gudu layin yana matsawa. Gidan dala 400,000 kashi 20 ɗinsa 80,000 ne. In ya koma 440,000, sai ka nemo ƙarin 8,000 kafin ma a fara maganar banki.

Wannan ne ya sa nauyin ya fi sauka a kan mai sayen farko. Wanda ke da gida, in farashi ya tashi nasa ma ya tashi, zai sayar da tsada ya sayi tsada. Matashin da ke haya ba shi da wannan garkuwa. Tsadar farashi tana dukansa a wurin kafin alƙalami, tsadar ruwa tana dukansa a biyan wata, gaba kura baya sayaki.

Idan farashi ya karye bayan ka saya

An daɗe ana cewa gida ba ya faɗuwa. Tarihi bai yarda ba. A Japan farashin filaye ya kai ƙololuwa a wajen 1991, ya yi fiye da shekara goma yana zubewa. A Amurka daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje ya faɗi da fiye da rubu'i, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, rikicin ya ci bankin Lehman Brothers a Satumba na 2008 ya bazu duniya. Da yawa daga waɗanda abin ya fara rutsawa da su bashi aka ba su mai ruwa kaɗan a shekarun farko, aka ce kafin ya hau za su sake ƙullawa. Da farashi ya juya, ƙofar ta rufe.

Bashi yana ninka riba, yana ninka asara. Ka sayi gidan 100,000 da 10,000 naka da 90,000 na banki. Farashi ya faɗi da kashi 15. Gidan yanzu 85,000 ne, bashin yana kusa da 90,000. Jarinka ya ƙare, kuma ko ka sayar sai ka ciko daga aljihu. Idan kana da aiki kuma ba ka da niyyar tashi, kana iya daurewa har kasuwa ta farfaɗo. Masifar tana zuwa ne idan dole ta sa ka sayar a wannan lokaci, saboda rasa aiki ko rashin lafiya ko sauyin wurin aiki.

Masu ruwa mai sauyawa kuwa haɗarinsu daban ne. A Birtaniya, bayan ƙaramin kasafin da gwamnatin Liz Truss ta gabatar a Satumba na 2022, kasuwa ta rikice, bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashin gida cikin kwanaki, ruwan da ake tsayarwa na shekara 2 ya haura kashi 6. Iyalan da suka ƙulla a kan kashi 2 ko ƙasa da haka, da wa'adinsu ya cika suka tarar da ƙarin ɗaruruwan fam a wata. Ba su sayi sabon gida ba, ba su ƙara cin bashi ba.

Wanda ke gudun bashin ruwa fa?

Musulmi da yawa ba sa shiga bashin ruwa, kuma akwai bankunan da ke da hanyoyin da suka dace da shari'a. A murabaha banki ya sayi gidan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kaɗan-kaɗan. A ijara haya kake yi har mallaka ta dawo hannunka. A musharaka mai raguwa ku biyu kuka mallaki gidan, kana sayen kason banki sannu a hankali kana biyan hayar abin da ya rage nasa. Ƙulli ne daban da na bashin ruwa, amma kada a ɗauka kasuwa ba ta taɓa shi. Yawancin waɗannan bankuna suna duba ruwan da ke kasuwa kafin su tsayar da ribarsu ko hayarsu, saboda haka idan ruwa ya hau, biyan watan nan ma yakan hau. Tambayar da za ka yi musu ita ce wadda za ka yi wa kowane banki: adadin nan tsayayye ne, ko ana sake duba shi, kuma bayan wata nawa?

Abin da mai niyyar saye zai auna

Hasashen kasuwa ya kayar da manyan masana, don haka ban ga hikimar mai albashi ya ɗora gidansa a kan hasashe ba. Abubuwan da ke hannunsa sun fi amfani.

Na farko shekara nawa zai zauna. Shiga da fita suna da tsada: la'adar dillali, kuɗin lauya, haraji, rajista. A Amurka la'adar kaɗai ta daɗe tana kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na farashi. Haɗa wannan da abin da muka gani na shekara biyar ɗin farko, inda uwar kuɗi ba ta ragu da abin kirki ba, za ka ga wanda zai tashi nan da shekara biyu ko uku da wuya ya fita da riba. Wanda zai yi shekara goma ko fiye kuwa, hawa da saukar kasuwa ba sa razana shi sosai.

Na biyu, kada ya zuba duk abin da ya mallaka a kafin alƙalami ya shiga gida hannu rabbana. Kuɗin biyan wata uku zuwa shida a gefe shi ne ke raba wanda ya tsallake mummunar shekara da wanda aka liƙa wa takardar gwanjo a ƙofa. Kuma abin da banki ya amince zai ba ka iyaka ce ta banki, ba lallai ta zama taka ba. Banki bai san kuɗin makarantar 'ya'yanka da ke tafe ba, bai san iyayen da kake ɗauke da su ba.

Kanada tana da wata ƙa'ida da ta cancanci kowa ya ara. Kafin manyan bankunanta su ba da bashin gida, doka ta wajabta su gwada ko mai nema zai iya biya idan aka ƙara maki 2 a kan ruwan da aka yi masa tayi. Ba sai hukuma ta tilasta maka ba. Idan an yi maka tayin kashi 7 a kan bashin 300,000, lissafa shi a kan kashi 9: biyan wata ya tashi daga 1,996 zuwa kusan 2,414. Ɗora harajin gida da inshora da kuɗin gyara a kai, ka ajiye jimlar kusa da takardar albashinka ta watan da ba ka samu wani ƙari ba, sannan ka kira dillali.